Ishara da linzami cikin manhajojin zane: alamar da ba ta bayyana kanta

Masu tsara manhajojin zane sun daɗe suna neman hanyar da ma'aikaci zai ba kwamfuta umurni ba tare da ya ɗauke ido daga zanensa ba. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce ishara da linzami, wato a danne maɓalli, a ja wata siffa bisa allo, na'ura ta ɗauke ta a matsayin umurni. A nan za mu auna tsari biyu da ma'auni guda: ta yaya sabon shiga zai gano alamar, ya kuma riƙe ta?

Tsari na farko shi ne na Blender a jerin fitowarsa ta 2.4. Miƙaƙƙen layi yana nufin gusar da abu, lanƙwasasshe yana nufin juya shi, siffar V kuwa tana nufin ƙara masa girma ko rage shi. Aibinsa biyu ne. Na ɗaya, babu abin da ke shaida wa mutum bisa allo cewa alamomin suna nan. Sai wanda ya karanta littafin jagora ko aka faɗa masa. Na biyu, hannu ba ya jan layi miƙe sarai, saboda haka iyakar da ke tsakanin miƙaƙƙe da lanƙwasasshe ba ta da tabbas, tamkar sautuka biyu da kunne ya kasa rarrabewa. An janye wannan tsari daga jerin 2.5.

Tsari na biyu ya fito ne daga binciken Gordon Kurtenbach a Jami'ar Toronto, wanda ya kammala a 1993 ƙarƙashin Bill Buxton, aka kuma shigar da shi cikin Maya, wadda ta fito a 1998. Idan mutum ya danne maɓalli ya dakata kaɗan, umurnoni za su bayyana kewaye da kibiyar linzami, sai ya ja zuwa ga wanda yake so. Gwani ba ya dakatawa, yana ja ne kai tsaye. Hikimar ita ce motsin ɗalibi da na gwani ɗaya ne, kowane zaɓi maimaici ne na darasi.

Duk da haka akwai abin suka. Dakatawar da ke buɗe ƙofar ita ma ɓoyayya ce. Sa'an nan babu dangantaka tsakanin kusurwa da ma'ana, haddar hannu ce kaɗai ke riƙe su; da zarar umurnoni sun sauya gurbi, haddar ta rushe. Kusurwoyin kuma ba su cika wuce 8 ba, don in sun yi yawa kuskure yana ƙaruwa.

Hukuncinmu shi ne tsari na biyu ya fi, domin yana koyar da alamarsa yayin da ake aiki da ita. Duk mai tsara ishara ya kamata ya fara da tanadin hanyar da za a gan ta, kafin ya yi maganar sauri.