Alƙali ya daina cewa bai gani ba

Kafin zuwan VAR, na'urar bidiyon da ke taimaka wa alƙali duba hukunci, alƙalin wasa yana da uzuri guda ɗaya da ko maƙiyinsa ba ya iya ƙwace masa: bai gani ba. Da Maradona ya sa hannu ya tura ƙwallo ragar Ingila a Meziko a 1986, Ali Bin Nasser na Tunisiya ne ke riƙe da usur, kuma ya ce an ci. Mutum ne mai ido biyu, a guje yake, 'yan wasa ashirin da biyu na kai-komo a gabansa. A zage shi a gaji, daga ƙarshe a ce ɗan Adam ajizi ne, kowa ya kama gabansa.

Wannan uzurin ne na'urar ta kashe, kuma a ganina shi ya sa gardama ta ƙaru maimakon ta ragu. Duk wanda ke shiga gidajen kallo na Dambatta, Bichi, Makoɗa ko Kunya ya san yadda maganar ta sauya. Da can in an yi kuskure sai ka ji "rafali makaho ne". Yanzu "an sayi rafali" ake cewa, ko "an yi mana fashi da rana tsaka". Makaho ana iya yi masa afuwa. Wanda aka kira gaban allo, aka maimaita masa abu sau biyar a hankali, ya dawo ya yanke abin da ya saɓa wa idonka, babu sunan da ya rage masa sai azzalumi.

Kuma mai kallo a nan ba ƙaramin shaida ba ne. Matashin da ya taso daga gona da la'asar, ya watsa ruwa, ya biya kuɗin shiga ya zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano, janareta na ruri a baya, ya fi wanda ke zaune cikin filin wasa a Landan ganin abin da ya faru. Na Landan, kafin a yanke hukunci, allon fili kawai zai gaya masa ana dubawa. Namu kuwa ana nuna masa ta gaba, ta baya, ta sama, a ja masa layi a kan kafaɗar ɗan wasa. Kafin alƙali ya zana akwatin nan da hannuwansa, rumfa ta riga ta yanke hukunci, sai dai hukuncin biyu ne: na 'yan Arsenal daban, na 'yan Chelsea daban.

Ƙiyayyar da yawancinmu ke yi wa VAR tana da ranar haihuwa: 26 ga Yunin 2018, a birnin Saint Petersburg na Rasha, a gasar cin kofin duniya ta farko da aka yi amfani da na'urar. Najeriya da Ajantina suna ɗaya da ɗaya, Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenariti, kuma canjaras ya ishe mu wucewa. Saura kimanin minti goma Marcos Rojo ya sa wa ƙwallo kai ta sauka a hannunsa cikin da'irar gidansu. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya duba, ya dawo ya ce babu komai. Rojon nan dai shi ya ci mu a minti na 86. Masana doka sun ce ƙwallon daga kansa ta faɗo, ba da gangan ba ne, kuma a dokar lokacin hujja ce mai ƙarfi. To amma wa ya tsaya ya yi mana wannan bayanin a daren? Abin da muka gani shi ne hannu, da alƙali, da allo, da hanyar gida.

Sai a dubi 7 ga Fabrairun 2024 a Bouaké, wasan kusa da ƙarshe na kofin Afirka da Afirka ta Kudu. Osimhen ya zura ta biyu, mutane sun haye benci, wasu sun fita waje da gudu. Alƙali Amin Omar na Masar ya koma baya, ya soke ƙwallon, ya ba abokan karawa fenariti saboda tun a farkon harin Alhassan Yusuf, ɗan Kano ma kuwa, ya yi wa Percy Tau ƙeta a da'irarmu. Mokoena ya buga ta shiga. Babu hukuncin da ya fi wannan ciwo, amma washegari mutane da yawa, har da masu zafin kai, cewa suke "gaskiya ya taɓa shi". An nuna ƙafar, kowa ya gani. Na san cewa nasarar da muka samu a bugun fenariti, huɗu da biyu, ta sanyaya zukata. Duk da haka bambancin da ke tsakanin dararen biyu ya wuce na ci da rashin ci: a Bouaké an gane dalilin hukuncin, a Rasha ba a gane ba.

Turawan da kansu ba su tsira ba. A ranar 30 ga Satumban 2023 Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham lafiyayyar ƙwallo, mai tuta ya ce satar gida ce. Na ɗakin bidiyo ya duba, ya ga babu satar gida, amma a zatonsa a fili ma an ce an ci, sai ya ce ya gama dubawa, komai daidai. Aka ci gaba da wasa ba tare da ƙwallon ba. Kwanaki kaɗan hukumar alƙalan Ingila ta saki sautin hirarsu, duniya ta ji manyan mutane suna ruɗewa suna cewa ba abin da za su iya yi. Abin kunya ne, amma sautin ya rufe bakin masu cewa an shirya. Ashe ba makirci ba ne, shirme ne kawai. A watan Yunin 2024 Wolves ta nemi a soke VAR daga Firimiya, aka kaɗa ƙuri'a, ƙungiyoyi 19 suka ce a bar ta, ita kaɗai ta ce a cire.

Inda na fi damuwa shi ne gida. Mu da muke tsine wa VAR ranar Asabar, mu ne ranar Lahadi muke cewa da akwai ta a filin Sani Abacha da ba a cuci Kano Pillars ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta kuma jera 2012, 2013 da 2014, a 'yan shekarun nan labarin tara da rage maki ya fi yawa a kanta. A 2019 a Agege, bayan wasa da Rangers, magoya baya sun kutsa fili, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka rage wa Pillars maki, kuma a kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. A Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ana dab da tashi, aka far wa alƙalai da baƙi, aka sake rage maki uku, aka kuma mayar da wasannin gida Katsina, garin waɗanda aka fasa wa mota. Ahmed Musa, wanda ya faranta mana da ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar Rashan nan, shi ya fito yana ba da haƙuri a matsayinsa na babban manajan ƙungiyar.

Babu VAR a ko ɗaya daga cikin waɗannan wasannin, don haka wasu ke ganin ita ce maganin. Ni ban yarda ba, aƙalla ba yanzu ba. A ce alƙali ya taka zuwa allo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, dubban mutane na ihu a ƙeyarsa, ya soke ƙwallon Masu Gida a minti na 90. Wa zai raka shi mota? In kuma ya duba ya bar ƙwallon da bai kamata ba don tsoron ransa, me baƙi za su ce? Mutumin da a da zai ce ban gani ba ya tsira da mutuncinsa, an tura shi inda ba shi da ta cewa. Balle a zo ga wuta da kayan aiki. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na 2019 a Tunisiya, an soke wa Wydad ta Maroko ƙwallo, suka ce a duba, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, abokiyar karawarsu Esperance ta ɗauki kofi, shari'a ta kai har kotun wasanni ta duniya. Rashin na'ura gaba ɗaya ya fi a ce akwai ta ta mutu a lokacin da ake nemanta.

A ƙasarmu ta noma, inda gona ke manne da gona har ba ka samun saura, rikicin iyaka ba baƙo ba ne. Dagaci ba ya shiga ɗaki ya fito da hukunci. Fita yake da masu gonar biyu da dattawan da suka san wurin, a bi layin gamba ko aguwa a ƙafa, kowa ya faɗi tasa a gaban kowa. Wanda aka kayar zai tafi yana gunaguni, amma da kunnensa ya ji yadda aka kayar da shi. Abin da ƙwallonmu ta rasa ke nan, kuma samunsa bai kai kuɗin VAR ba. A ɗauki kowane wasan gasar ƙasa da kyamarori masu kyau, a sa shi inda mai waya a Tsanyawa zai gani. Ranar Litinin kwamitin alƙalai ya fito da hotunan hukuncin da aka yi gardama a kai, ya ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure, ga matakin da aka ɗauka. Wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙali kuma a kai shi gaban kotu shi da sunansa, a daina tsayawa a cin tarar ƙungiya, wadda a ƙarshe daga baitulmalin jiha za a biya.

In an yi wannan, sai a zo maganar na'ura, kuma ko a nan ba lallai sai irin ta Turai ba. FIFA ta gwada wata mai sauƙi a gasar mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, da ta maza a Chile a 2025. Babu alƙalan da ke zaune a ɗaki suna bin kowane motsi. Kowane koci yana da damar neman a duba sau biyu a wasa, ya ɗaga kati, alƙali ya je allo. In kocin ne da gaskiya damarsa na nan, in ba shi ba ne ta ragu. Kyamarori kaɗan take buƙata, kuma tana raba nauyin: kocin da ya yi shiru bai ɗaga kati ba, ba zai fito bayan wasa ya tunzura magoya baya da cewa an yi masa fashi ba, domin su ma za su tambaye shi inda ya ajiye katin.