Bin Sawun Manhaja: Nazari Kan Ma'aunin Gwaji a Python

Duk mai rubuta manhaja da harshen Python, in har ya taɓa son sanin ko gwaje-gwajensa sun leƙa kowane lungu na aikinsa, da wuya bai ci karo da coverage.py ba. Gareth Rees ne ya fara rubuta ta a 2001, Ned Batchelder kuma ya karɓi ragamarta a 2004.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Python na da wata ƙofa mai suna sys.settrace. Kana miƙa mata ɗan umarninka, sai injin harshen ya riƙa kiransa duk sanda zai zartar da sabon layi. A bakin wannan ƙofa coverage.py ke zama, tana rubuta sunan fayil da lambar layi. Da an gama gwaji sai ta ƙirga layukan da ke iya gudana, ta ware waɗanda ba a taka ba, ta shafa musu ja a rahoto, ta fitar da kaso cikin ɗari. Illar hanyar ita ce nawa: layin da aka maimaita sau miliyan, sau miliyan za a kira mai bin sawun. Shi ya sa aka rubuta wannan sashe da harshen C. Python 3.12, wadda ta fito a 2023, ta zo da sys.monitoring, inda mai sa ido zai iya cewa ya ga layi kaza, kada a sake kiransa a kai.

Damuwata tana kan yadda ake karanta kason. Ɗauki layin da ke fitar da matsakaicin makin ɗalibai, wato jimla a raba da adadi. Ka gwada shi da maki uku, layin ya gudana, rahoto ya ce 100. Ranar da aka ba shi ajin da babu kowa, adadi ya zama 0, manhaja ta faɗi warwas. Ko gwajin da bai duba amsa ba sam, muddin ya taka layin, shi ma za a ƙirga masa. Kamar kiran suna ne a aji: yana nuna yaro ya zo, ba ya nuna ya gane karatu.

Masu harkar jiragen sama sun daɗe da sanin haka. Ƙa'idar DO-178C ta wajabta wa manhajar da ke mataki mafi haɗari a nuna cewa kowane sharaɗi, shi kaɗai, yana iya sauya hukunci. Ita ma coverage.py tana auna rassa, ta duba ko an bi ɓangaren "e" da na "a'a", amma sai ka kunna mata.

Shugaban da ya ɗora wa ma'aikata dokar cika 90 zai samu 90 ɗinsa, tare da tarin gwajin da ba ya tambayar komai. Mai karatu, in ka buɗe rahoton, tsallake kason, ka je kan jajayen layuka, musamman masu kula da kuskure, ka tambayi dalilin da ya hana a taka su.