Ɗan koyo da malamin ƙarya: sake karatun Ruwan Bagaja daga Tasawa

Littafinmu na baya ya fito da rubutu goma sha ɗaya. Takwas da Faransanci, uku da Hausa, kuma ɗaya daga cikin ukun nawa ne. Don haka duk abin da zan faɗa a nan ni zai fara kamawa, kar wani ya ce na zo cin fuska.

Da hutu na tai da shi ƙauye wajen Gwaggona, can Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi. Ita ba ta taɓa zama lakwal ba. Da girmanta, har da jikoki, ta shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda matan asusunsu na Mata Masu Dubara sun rasa mai riƙe musu kaye. Can aka koya mata bokon Hausa da ƙugiyoyinsa. Na miƙa mata takardar ina ɗaga kafaɗa, irin ga ɗanki ya zama marubuci. Ta aza yatsa bisa layin farko, ta jima, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, bakin su wa ya cika ɗaki haka?" Ni kuwa baƙi nake nufi. Na bar ƙa ba ƙugiya, na rubuta cika da tch, na rubuta sun da ou. Ta ƙara duba ta ce, "Wanga da wane harshe ka yi shi? In Nasaranci ne, ai da ban gane ko ɗaya ba. In kuma Hausa ce, ba wadda aka koya muna ba ce."

Na yi dariya, amma wallahi raina ya sosu. Shekara goma sha uku ina cikin aji ina dikte, ga tsohuwar da ta yi damina biyu da alli tana gyara mini harshen da na sha a nono. Da na huce na ga ba abin mamaki ba ne. Wa ya taɓa koya mana? Allunan bakin hanya ne malamanmu. Ka bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ka karanta: Tasawa an rubuta Tessaoua. Ka ratse arewa, Urafan ta zama Ourafane, garin Gwaggona ya zama Serkin Haoussa. Da wannan muka tashi, da shi muke rubuta saƙo a waya. A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Amma dokar ba ta sa wa kowa ƙugiya a alƙalami ba. A rubutun Hausa yawancinmu ƴan aji ɗaya ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba mu son a sani.

Ku sake buɗe labaran nan uku ku gani. Nawa shafi biyu ne, na ƙirga karin magana goma sha huɗu a ciki. Yaro ba ya iya roƙon ruwan sha sai ya jawo karin magana. Me ya sa? Don in ka jera su mai karatu zai ɗauka ka ƙware, ya manta bai ga mutum ko ɗaya mai rai ba. Na biyun ya ɗauki yarinyar Korgom ya sa mata bakin ƴan fim ɗin Kano, tana kiran saurayinta da sunayen da in ta faɗe su a gaban innarta sai an kira mai ruƙiyya. Na ukun ya fi mu hannu, gaskiya, amma duk inda kalmar gida za ta yi aiki sai ya aro ta Larabci mai nauyi, kamar mai huɗuba. Mu ukun rawani muka naɗa tun ba mu iya ɗaura zariya ba. Su kuma takwas ɗin da suka tsaya ga Faransanci, biyu sun gaya mini a ɓoye cewa suna da labari da Hausa a cikin kaye, tsoron dariya ya hana su kawowa. Na gane su. In ka yi kure a Faransanci, a ce ai harshen wasu ne. In ka yi a Hausa, a ce dubi wannan, ko harshen uwarsa bai iya ba.

Cikin wannan hali na sake ɗaukar Ruwan Bagaja. Da can ina karanta shi kamar yadda ake kallon tsohon masallaci, da ladabi, ba a taɓa komi. Wannan karon na fara da tambayar shekarun mai shi. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman a rubuta ƙagaggun labarai da boko don gasa, Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekararsa 22. Sa'an wasunmu ne. Kuma abin da aka nema a wajensa babu wanda ya taɓa yin irinsa da Hausar boko, balle ya duba ya kwaikwaya. East da kansa ya rubuta daga baya cewa wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda ƙagaggen labari abin rubutawa ne, don a wajensu tatsuniya ta mata da yara ce. Littattafai biyar aka zaɓa aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na yayan Imam, Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa, kuma duk ƴan koyo ne a ranar.

In ka karanta Ruwan Bagaja da wannan a zuciya, ɗinkin sai ya fito fili. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don ya nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Wannan ce igiyar labarin. To amma a tsakiya marubucin kan saki igiyar ya manta da ita. Gari bayan gari, damfara bayan damfara, har ka tambayi kanka, shin yaron nan da ke kwance yana nan da rai? Wasu dabarun maimai ne da sabuwar riga. Matan ciki kusan duk kayan aiki ne, a aure su, a yaudare su, a wuce. Da lokacin rufewa ya yi kuma, sai aljannu suka shigo suka gajarta hanya, ruwan ya samu. Da ɗayanmu ne ya kawo wannan ƙarshen a zamanmu na Asabar, da ya sha tambaya.

Aro ma bai ɓoyu ba. Masu nazari sun daɗe da nuna cewa haɗuwa da rabuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ta bi sawun Muƙamat na Hariri, littafin da ake karantawa a zaure, inda mutum biyu ke ta karo da juna a garuruwa daban-daban, ɗayansu kullum cikin sabuwar kama. Imam ya ɗauki abin da ya karanta da abin da ya ji ana faɗa da dare, ya zuba a tukunya ɗaya. Haka ɗan koyo ke yi, kuma bai yi wani ƙoƙarin share sawu ba.

Duk da haka, me ya sa har yau in aka fara karanta shi a fili ba mai tashi? A ganina saboda bai tsaya nuna mana ya iya ba. Hankalinsa na kan labarin. Jimlolinsa na tafiya kamar mutum na ba ka labari a dandali, in karin magana ta zo, ta zo ne don bakin mai maganar ya kai wurin. Kuma ya ba mu Zurƙe, wanda ya fi ƙarfin littafin da ya haife shi, har sunansa ya fita ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ba.

Akwai wuri guda da na karanta sau uku a jere. Alhaji ya sauka wani gari na marasa karatu, ya mai da kansa babban malami alhali bai san komi ba. Sai ga Zurƙe, wanda ya yi karatu na gaske, ya zo zai tona shi. Aka tara jama'a. Alhaji ya ja wata lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan da suka yi kama da ita, Alhaji na cewa a'a. Ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne, mutanen gari suka duba suka ga lalle haka wata ke tsayuwa, aka bi mai ilimi da jifa. Tun ina ƙarami nake dariyar wannan wuri ina bayan Alhaji. Yanzu dariyar ta ɗan maƙale, don na gane karin maganata goma sha huɗu lanƙwasar nan ce. Na ja ta a ƙasa ina fatan ba mai karatu a cikin taron. Gwaggo ce ta zo a matsayin Zurƙe, sai dai ita ba a kore ta ba. Abin sha'awa, saurayi ɗan 22 da ke rubuta littafinsa na farko shi ne ya zauna ya zana mana hoton mai kunyar a ce bai sani ba.

Kar a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake mu kawo duk abin da hannu ya rubuta mu ce ai ƴan koyo ne ba. Imam bai zauna inda ya fara ba. A 1936 aka ɗauke shi zuwa Zariya ya zauna da East, ana gyara masa yana sake rubutawa, daga nan Magana Jari Ce ta fito, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939. A can ma aro ya yi, daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasunsu, amma dubi yadda aku ke riƙe da igiyar, ba ta kuɓuce masa kamar ta ruwan nan. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Na san akwai magana a kan East. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, littattafan karatun makaranta yake nema, kuma shi ke yanke abin da ya dace da abin da bai dace ba. Wannan muhawara ce ta wata rana, kuma ina da abin cewa a kai. Abin da nake nunawa a nan kawai shi ne tsakanin littafin farko da na biyu akwai wani da ya karanta da jan biro, akwai kuma marubucin da ya yarda a ja masa.

Bayan shekara hamsin an sake yin irin haka a Kano. Matasa da matan aure suka fara rubuta labaran soyayya suna bugawa da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta koma karatun manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyarsu ma Raina Kama suka sa mata, sun san da wane ido ake kallonsu. Masana suka kira abin adabin kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu. Ni a nawa karatun kowannensu na da rabin gaskiya. Da sun jira sai sun ƙware, da Alhaki Kwikwiyo Ne bai fito ba, balle a fassara shi zuwa Ingilishi a buga a Indiya a 2012. Amma kuma ku je wajen masu hayar littattafai ku ɗauko na wasu, na goma bai fi na farko da komi ba, don ba wanda ya taɓa ce musu bakin su wa ya cika ɗaki.

Mu a nan muna da abin da ya fi na Imam sauƙi, muna da wanda ya fi wuya. Ƙa'idar rubutu tana nan a shirye, akwai ƙamus irin na Abdu Mijinguini, akwai ƙannenmu da suka bi makarantun harshe biyu, akwai irin su Gwaggo a kusan kowane ƙauye daga Maijirgi zuwa Kanambakashe. Mai wuyar ita ce ɗan lise ko ɗan jami'a ya durƙusa gaban wanda yake ganin bai kai shi ba ya ce duba mini. Shawarata ga littafi mai zuwa: duk mai labarin Hausa a kaye ya kawo shi yadda yake, da tch ɗinsa da ou ɗinsa, mu zauna mu gyara tare kafin a kai fotokwafi. A kuma bar kowa ya yi Hausar garinsu. In mutumin labarinka zamna yake cewa, bar shi ya zamna.

Nawa labarin na sake shi sau biyu. Karin magana ta koma uku. Na aika wa Gwaggo ta hannun wani mai mota, ta maido da shafin farko da ƙugiya bakwai da ta ƙara da bik. Shafi na biyu ta riƙe. Ta ce a gaya mini ba rubutun ne ya dame ta ba wannan karon, amaryar ce: babu ɗiyar mutunci da za ta kira sunan surukinta a tsakar gida, ko da ranta ya ɓaci, kuma in ban san yadda ake yi ba, in zo bayan an gama yankan hatsi in zauna in ji.