Ɗan Daudun Fim da Ɗan Daudun Tasha

Da azumi ya kwana goma, yaran Tambuwal da Kebbe a jihar Sakkwato sukan fita tashe kamar sauran yaran ƙasar Hausa. A wasan Mairama da Daudu, yarinya ce ke zura riga da hula ta zama maigida. A makarantun kwana na maza kuwa, ranar wasan kwaikwayo, yaro ne ke ɗaura zani ya fito a uwargida, kuma ba mai cewa uffan. Ko a Ingila, zamanin Shakespeare maza ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mace ta fara hawa dandali.

Inda gizo ke saƙa shi ne fitowar ɗan daudu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, kuma shekara da shekaru salon 'yan barkwanci bai sauya ba: karairaya, tafa hannu, shewa, habaici, zani a ƙirji. A yi dariya a gidan kallo, a watse.

Ɗan daudun tasha ba haka rayuwarsa take ba. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna da 'yan daudu a Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna mutane ne masu sana'ar dafa abinci da sayarwa, masu taimakon dangi, wasu ma sun sauke farali. Wane fim ne ya taɓa nuna wannan?

A ƙasashen Turawa gardamar ita ce wa ya dace ya fito a matsayin wanda ya sauya jinsi. A 2018 suka ta sa Scarlett Johansson janyewa daga fim ɗin Rub & Tug, a 2021 kuma Eddie Redmayne ya ce fitowarsa a The Danish Girl kuskure ne. Nan ƙasar Hausa abin bai kai can ba. Tun ƙaddamar da shari'a a Sakkwato a 2000, da dokar tarayya ta 2014 kan auren jinsi, da wuya ɗan daudu ya yarda ya tsaya gaban kyamara da sunansa.

Ke nan nauyin ya koma kan marubuta. Ba sai mutum ya yarda da daudu ba kafin ya rubuta gaskiya a kansa. Mai shirya wasa a Tambuwal ko Kebbe, kafin ya ɗaura wa jaruminsa zani, ya fara zama a rumfar mai abinci ya saurara.