Kaucin Wace Bishiya?

A shekarar 1981 Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya wallafa maƙalar da ya nuna cewa maganin gargajiya a yankin ya rasa tsari, har mai bayarwa da mai karɓa ba su cika damuwa da sanin dalili ba. 'Yan bokonmu da ba su ma karanta shi ba sun fi shi zafi, a wurinsu duk camfi ne. Ban yarda ba, kuma kauci kaɗai ya ishe ni hujja.

Kowa ya san kauci. Tun 1916 Dalziel ya sa shi cikin ƙamus ɗinsa na itatuwan Hausa. Je ka kasuwar Funtua ko ta Bakori ka ce wa mai magani kana son kauci, ba zai miƙo maka komai ba sai ya tambaye ka na wace bishiya. Akwai kaucin ɗorawa, akwai na kaɗanya, na tsamiya, na kanya, na gawo, kuma ba ya ba da wani a madadin wani. A ido kusan duk ɗaya ne: ganye mai kauri, fure siriri mai jan kai kamar ƙwayar ashana, 'ya'ya masu danƙo da tsuntsu ke mannawa a reshe. Amma duba gindinsa, inda reshen ya kumbura ya yi ƙulli. Ta nan kauci ke tsotsar ruwa da gishirin jikin uwarsa, don haka abin da ke cikinsa yana bin bishiyar da ya hau. Wannan tambaya ta mai magani ita ce tsarin da ake cewa babu. Shi ya sa na fi ganin girman wanda ke saro kauci da ɗan guntun reshen da ya fito a kai, mai saye ya ga ɓawon da idonsa.

Masu raina abin su dubi ƙasashen sanyi. A Ayisland da Norwe akwai wani tsiro mai ƙananan rassa da ke shimfiɗe a ƙasa, gamayyar funfuna da gansakuka, da Turawa suka daɗe suna dafawa don tari da ƙaiƙayin maƙogwaro. Har gobe ana sayar da alewar tsotsa da aka yi da shi a kantunan magani na Jamus. Ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake ci. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986, irin waɗannan tsirrai suka sha gubar, barewar ƙanƙara ta ci su, nama ya gurɓace a Norwe da Suwidin. Turawa ma suka koma tambayar inda tsiro ya fito. Kaucinsu kuwa, wanda ake yin allurar Iscador da shi, ana rubuta wa kwalbarsa harafin bishiyar da aka ciro shi, tuffa ce ko wata. Ko allurar na warkar da ciwon daji, ba a tabbatar ba. Amma su ma suna kula da bishiyar da ya fito.

Ba na cewa mai hawan jini ko ciwon suga ya ajiye ƙwayar asibiti ya kama jiƙon kauci. Batun awo har yanzu rauni ne babba, kaucin neman farin jini da na kasuwa kuma na bar wa masu shi. Damuwata tana wani wuri. Ɗorawa da kaɗanyar da kakanni suka bari tsakiyar gonakin auduga da masara suna tafiya a buhunan gawayi, masu lasifika a bayan mota kuma suna sayar da gari a ƙullin leda da sunan kauci kawai, ba uwa ba asali. Wannan garin shi ne maganin da ba shi da tsari. In aka miƙo maka shi, ka tambayi na wace bishiya ne, in mai shi ya yi inda-inda ka mayar masa da kayansa.