Warin Zaren Spider-Man da Hancin Mai Danƙo

Ɗan ƙanwata ne ya jefo mini tambayar wata ranar Asabar a Kazaure, muna zaune a zaure bayan la'asar, yana kallon fim ɗin Spider-Man na fassara a wayar babarsa. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wannan zaren da yake harbawa daga hannunsa, in mutum ya shinshina, warin me zai ji?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Yaron da ya fara tambayar wari ya kama hanyar sanin yadda ake haɗa abu, domin duk masu sana'ar haɗe-haɗe da na sani da hanci suke fara aiki.

Shi wannan jarumi ya fara bayyana ne a watan Agustan 1962, a fitowa ta 15 ta wata mujallar labaran zane ta Amurka mai suna Amazing Fantasy. Stan Lee ya tsara labarin, Steve Ditko ya zana. Abin da yawancin masu kallon fim ba su lura da shi ba shi ne, a asalin labarin cizon gizo-gizo ƙarfi da iya manne wa bango ya ba Peter Parker, wato shi Spider-Man, bai ba shi zare ba. Zaren aikin hannunsa ne. Ɗan makarantar sakandare ne mai son kimiyya, ya haɗa wani ruwa, ya ƙera na'urar da yake ɗaurawa a wuyan hannu. Fim ɗin 2002 ne ya mai da zaren yana fitowa daga jikinsa, na 2012 kuma ya dawo da na'urar. Sharuɗɗan da marubutan suka ɗora wa ruwan nan su ne masu wuya: ya zauna a ruwansa cikin ɗan kurtu, ya zama zare da zarar ya sha iska, ya manne wa bango, ya ɗauki nauyin mutum, sannan bayan kamar awa ɗaya ya ruguje ya ɓace.

Ina jin sharuɗɗan nan sai wani dattijo ya faɗo mini a rai, a wani ƙauye na ƙasar Roni, can cikin duwatsu, inda nake zuwa hutun makaranta wajen dangin mahaifiyata. Noma ne sana'arsa, amma duk yaran garin sun san shi da danƙon kama tsuntsu. In gero ya fara ƙosawa, jan baki suka sauko, ƙofar gidansa ba ta rabo da yara.

Da sassafe yake fita, kafin rana ta yi zafi, da ƙaramin gatari da ƙoƙo. Gamjin da yake zuwa duk jikinsa tabon sara ne, tsofaffi da sababbi. Ba ya zurfafa sara. Ɓawo kawai yake tsagawa a karkace, yana cewa wanda ya kai ga itace ya cuci bishiya kuma bai ƙara ko ɗigo ba. Farin ruwa ya tsattsafo kamar nono, ya bi tsagar ya gangara cikin ƙoƙo. A wannan lokacin warinsa na ɗanyen ganye ne, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro. In ya dawo gida sai ya juye a wani tsohon kasko da ba a girki da shi, ya ɗora a kan garwashi. Ba ya yarda da harshen wuta. Yana juyawa da tsinke, farin yana komawa ja-ja, ruwan yana rabuwa da curin, shi kuma ya sunkuyar da kai yana shaƙar tururin. Na taɓa ce masa, "Baba, ai ya yi kauri, a sauke mana." Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Bai nuna ba, ɗan nan. Har yanzu warin ɗanye nake ji." Bayan ɗan lokaci, ba tare da na ga wani canji da idona ba, sai ya fizge kaskon daga wuta. Da ya ƙara ko kaɗan, in ji shi, ƙauri zai shigo, kuma danƙon da ya yi ƙauri ya mutu, ko ƙuda ba zai riƙe ba.

Daga nan sai murza. Ya jiƙa hannu, ya ɗauko curin, ya ɗiga masa man gyaɗa, ya ja, ya ninke, ya sake ja. Gwajinsa na ƙarshe shi ne ya matse ɗan kaɗan tsakanin babban yatsa da manuniya ya buɗe a hankali. In zaren ya tsinke nan take, da sauran mai. In ya zubo ya kasa tsayawa, man ya yi yawa. In ya miƙe siriri kamar saƙar gizo, ya kai taƙi guda bai tsinke ba, to ya yi. Sai ya jefa shi cikin ƙoƙon ruwa ya rufe. Da hunturu yakan ƙara mai, domin sanyin asuba yana sandarar da danƙo. Da bazara yakan rage, domin zafin rana yana narkar da shi ya zube daga kan tsinke. Kuma ba ya kafa tarko ranar da iska ke ɗauke da ƙura, don ƙura in ta lulluɓe danƙo ta kashe shi.

Sai da na yi karatun kimiyyar sinadarai na gane abin da hannunsa da hancinsa suke yi. Farin ruwan gamji, kamar na ceɗiya da durumi da sauran danginsu, ƙananan ɗigon roba ne da ƙaro-ƙaron itace suke yawo cikin ruwa, kamar yadda maiƙo yake yawo cikin madara. Zafi yana sa ɗigon nan su haɗu su dunƙule. Ita robar kuwa sarƙa ce doguwa, kowace gaɓarta ƙwayar kabon 5 da haidirojin 8, an jera dubbai a layi ɗaya. Tsawon sarƙoƙin da yadda suke sarƙe juna shi ne yake sa danƙo ya miƙe maimakon ya tsinke. Man gyaɗa yana kutsawa tsakaninsu ya ba su damar zamewa, sai danƙon ya yi laushin da zai shiga tsakanin gashin fiffike. Roba ba ta shiri da ruwa, shi ya sa jiƙaƙƙen hannu ba ya kamuwa, shi ya sa kuma in danƙo ya kama wa yaro gashi, da mai ake cire shi, wanki da ruwa ba ya fid da shi.

Kada a ɗauka wannan kayan wasan yara ne kawai. Danƙon gamji ya taɓa zama hajar da ake fitarwa daga ƙasar Hausa zuwa Turai, Turawa suna kiransa jar robar Kano. Har yau, a cikin dokokin abinci na Amurka, a jerin danƙon itatuwan da aka yarda a sa cikin cingam, akwai na gamji da sunan Niger gutta. Kuma tatsuniya ta riga kowa sanin ƙarfinsa: Gizo da duk wayonsa, da 'yar danƙo aka kama shi a gona, ya kai mari hannu ya manne, ya kai shuri ƙafa ta manne.

To, ina wari yake fitowa? A nan ne amsar yaron take. Hanci ba ya jin abu sai ƙwayoyinsa sun tashi sun bi iska sun shiga ciki, kuma ƙanana marasa nauyi ne kawai suke iya tashi. Doguwar sarƙa ta yi nauyi, ba ta tashi. Saboda haka ita kanta robar ba ta da wari, haka ma zaren gizo-gizo, haka ƙaron ɗakwara da almajirai suke jiƙawa cikin tawada. Abin da kake ji a jikin kowane abin liƙi, warin abin da yake barinsa ne. Da dattijon nan yake cewa yana jin warin ɗanye, ƙananan sinadaran ruwan itacen yake ji suna fita tare da tururi. Da suka ƙare ya san aiki ya yi. Ƙaurin da yake tsoro kuwa alamar sarƙoƙin ne sun fara karyewa gutsu-gutsu, gutsattsarin suna tashi.

Ka tsaya wajen mai faci a bakin hanyar Kano zuwa Daura, ko a tashar Babura, ka ga wannan ilimin a wata riga. Ya kankare tub, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye yana jira, wani lokaci yana hura masa iska da baki. Sholisho roba ce da aka narkar cikin wani ruwa ɗan uwan fetur. Ƙarfin warin nan da yake bugun kai, ruwan ne yake guduwa. Gwanin mai faci ba ya ɗora faci sai warin ya lafa, ya taɓa da bayan yatsa ya ji yana kamawa amma ba ya biyo hannu. Wanda ya yi gaggawa ya rufe ruwan a ciki, facinsa ba zai kai garin Gwiwa ba. Wannan tururin ne kuma wasu matasanmu suke shaƙa, yana cin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, abin da yake ci mini rai duk lokacin da na gani. Super Glue kuwa hanyarsa daban. Wani mai bincike, Harry Coover, ya ci karo da sinadarinsa a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Shi ba bushewa yake yi ba. Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin kwalba, da sun taɓa laima sai su kama hannun juna su zama sarƙa cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa ya fi saurin kama yatsa fiye da abin da kake son gyarawa, kuma yajin da yake yi wa ido na ƙwayoyin da ba su riga sun shiga sarƙa ba ne.

Gizo-gizo na gaskiya ya fi su duka gwaninta. A cikinsa zaren ruwa ne mai kauri, na furotin. Yayin da ruwan yake bin wata siririyar hanya zuwa waje, ana janye masa ruwa, ana ƙara masa tsami, ja kuma yana miƙar da sarƙoƙin su jeru. Ba harbawa yake yi ba, jawowa yake yi da ƙafa ko da nauyin jikinsa. Babu wuta, babu wari, amma in aka auna nauyi da nauyi zarensa ya fi ƙarfe juriya. In saƙar ta tsufa, da yawansu cinye ta suke yi su sake sabuwa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka matso kusa da abin da Ditko ya zana. Sun dafa ƙwanson tsutsar siliki suka fid da furotin ɗinsa ya zama ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Marco Lo Presti, yana wanke kwalabe da asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, sai ya ga wani abu kamar yanar gizo ya taru a gindin kwalba. Suka ƙara sinadarin dofamin don daskarewar ta yi sauri, suka harba ruwan ta allura mai baki biyu, siliki a tsakiya, asiton yana kewaye da shi. Asiton ya zuƙe ruwan ya tashi, zare ya samu a cikin iska, ya manne wa abu daga nisan kamar santimita 12, ya ɗaga abin da ya ninka nauyinsa fiye da sau 80. Da sauran tafiya kafin ya ɗauki mutum, domin zaren gizo-gizo ya fi shi ƙarfi kusan sau 1,000. Abin da ya fi burge ni shi ne matakin farko. Dafa ƙwanson siliki cikin ruwa mai kaifi irin na kanwa don a cire masa danƙonsa, shi ne abin da matan ƙasar Hausa suka daɗe suna yi da ruwan toka in za su kaɗa zaren tsamiya, wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi.

Na ce wa yaron, in dai za a yi zaren nan da gaske, to a daidai lokacin harbawa zai ji wari mai kaifi da ɗan zaƙi-zaƙi, irin na ruwan da ake goge jan farce da shi, ko na sholishon mai faci. Bayan ɗan lokaci kaɗan, in ya ɗauki zaren ya kai hanci, ba zai ji komai ba. Na kuma ba shi labarin dattijon Roni da kaskonsa.

Washegari da hantsi na same shi a gindin ceɗiyar da ke bayan gida. Ya tsinke ganye, ya tara farin ruwan a murfin kwalba, ya bar shi a rana. Yana matsa shi tsakanin yatsu biyu yana buɗewa, zaren yana tsinkewa tun bai kai ko'ina ba. Ya kai murfin hanci, ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya mai da shi cikin rana. Ya ce, "Kawu, bai nuna ba."