Tsimin Itatuwa da Kitsen Jinin Masu Ciwon Daji: Sharhi a Kan Hujjar Ɓeraye

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan wani salon bincike da ya yawaita a jami'o'i. Akan yi wa lafiyayyun ɓeraye allurar maganin ciwon daji, kamar doksorubisin ko saikulofosfamaid, sannan a ɗura musu tsimin zogale ko zoɓo ko tafarnuwa. Bayan 'yan makonni sai a auna jininsu. Idan kolastarol da sauran kitsen jini sun sauka, sai a yanke hukunci cewa tsimin ya ba da kariya.

Ba ma raina itatuwa. Binkiristin da ake warkar da sankarar jinin yara da shi daga wani furen Madagaska aka samo shi. Amma muna ganin wannan hukunci yana da rauni ta fuskoki uku.

Da farko, doksorubisin yana lalata ƙodar ɓera, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari, hanta kuma ta ƙara sarrafa kitse. Wato hauhawar kitsen alama ce ta ciwon ƙoda. A jikin ɗan Adam kuwa, zuciya ce wannan magani ya fi yi wa illa. Ashe abin da aka auna dabam, abin da ke barazana ga majinyaci dabam.

Na biyu, ɓera yana ɗauke da yawancin kolastarol ɗinsa a nau'in HDL, alhali na mutum ya fi yawa a nau'in LDL mai toshe jijiyoyin jini. Saboda haka ba a ɗora awon wannan a kan wancan kai tsaye.

Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, ɓerayen ba su da ciwon daji. To, ta yaya za a san ko tsimin ya rage illar maganin ne kawai, ko kuwa ya karya ƙarfinsa gaba ɗaya? A shekarar 2002, masana a birnin Rotadam na ƙasar Holan sun gwada ganyen da Turawa ke kira St John's wort a kan majinyata 5 masu karɓar irinotikan, suka tarar sinadarin da ke kashe ciwon ya ragu da kashi 42 cikin ɗari a jininsu. Haka kuma a 2009 an nuna a Amurka, a ɗakin gwaji, cewa wani sinadarin koren shayi yana hana bortezomib aiki.

A taƙaice, muna ba da shawara a riƙa gwaji a kan ɓeraye masu ɗauke da ciwon, a auna girmansa tare da kitsen jini, a kuma bayyana adadin sinadarin da ke cikin tsimin. Kafin nan, wajibi ne mu malamai mu faɗakar da ɗalibai da iyalan majinyata kada su haɗa tsimi da allurar asibiti ba da sanin likita ba, don gudun kada garin neman gira a rasa ido.